Malaman Zaman Daji da Saɓanin Mazhabobinsu

Duk wanda yake da wayar salula mai shiga intanet, da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon wani Bature yana tauna ɗanyen maciji, ko yana matse kashin giwa a bakinsa don ya sami abin jiƙa maƙoshi ba. Irin waɗannan gutsattsarin suna yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok, matasa na tura wa juna, wasu na dariya, wasu na jinjina wa jarumtakar mai abin. An yanko su ne daga shirye-shiryen talabijin da suka cika tashoshin tauraron ɗan'adam tun daga tsakiyar shekarun 2000, waɗanda ake cewa suna koya wa mutum yadda zai tsira da ransa idan ya ɓata a dokar daji, ko jirgi ya faɗi da shi, ko mota ta mutu masa a tsakiyar hamada.

Abin da mai kallo bai cika sani ba shi ne, masu wannan sana'a bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani zai ce maka tashi ka yi ta tafiya har ka fita, wani ya ce zauna inda kake a zo a same ka. Wani ya sa neman abinci a gaba, wani ya ce abinci shi ne na ƙarshe a lissafi. Wani ya dogara da kayan da ke cikin jaka, wani da abin da ke cikin kai. Ranar da tsautsayi ya faɗa wa mutum, abin da ya taɓa gani a allo shi ne zai fara faɗo masa a rai, kuma shawarar da ya yanke a sa'o'in farko ita ce sau da yawa take raba wanda zai koma gida da wanda za a tsinci gawarsa. Saboda haka ya dace mu san su wane ne waɗannan malamai, daga ina kowa ya ɗauko karatunsa, kuma maganar wa ta cancanci a riƙe.

Fannoni biyu da ake cakuɗawa

Tushen saɓanin yana cikin wata rarrabewa da su kansu masu fannin suke yi. Akwai dabarun tsira, wato abin da mutum zai yi idan ya tsinci kansa a daji ba da son ransa ba, burinsa kawai ya fita da rai cikin kwana biyu ko uku. Akwai kuma sanin daji, wato ilimin wanda ya shiga da niyya, ya san itatuwa da ciyayi da sawun dabbobi, yana iya zama wata da watanni cikin natsuwa. Na farko kamar aikin ɗakin gaggawa ne a asibiti, na biyu kuwa sana'a ce da ake koya shekara da shekaru, kamar ƙira ko jima.

Masu koyar da dabarun tsira suna da wata ƙa'ida da suke maimaita wa ɗalibai don sauƙin haddacewa: a cikin matsanancin sanyi ko zafi, mutum na iya halaka cikin kamar awa 3 idan ba shi da mafaka, cikin kamar kwana 3 idan babu ruwa, amma yana iya kai mako 3 ba tare da abinci ba. Ƙiyasi ne, yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon yanayi da lafiyar mutum, amma ya jera abubuwa bisa muhimmancinsu. Mai karatu ya riƙe wannan jeri, domin da shi za mu auna kowane malami.

Mazhabar barikin soja

Dattijon wannan mazhaba shi ne John Wiseman, wanda aka fi sani da Lofty. Ya yi shekara 26 a rundunar SAS, zaratan sojojin Birtaniya na musamman, kuma ya daɗe yana koya wa dakarunta dabarun tsira. A 1986 ya fitar da littafinsa SAS Survival Handbook, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi karantawa a fannin. A wurin Wiseman abu uku ne ke ceton mutum, kuma ya jera su kamar ginin dala: a ƙasa akwai ƙudurin rayuwa, wato ƙin miƙa wuya, a kansa ilimi, can a ƙololuwa, mafi ƙanƙanta, kayan aiki. Shi ne ya yayata ɗan gwangwanin nan na aljihu mai ɗauke da ashana da kyandir da allura da zare da ƙugiyar kamun kifi da siririyar wayar ɗana tarko.

Sai dai ilimin soja yana da asalin da ya kamata a lura da shi. An tsara shi ne domin sojan da ya faɗa bayan layin abokan gaba, wanda dole ya yi ta tafiya, ya ɓuya, ya shafe sawunsa. Farar hular da ya ɓata kuwa bukatarsa kishiyar wannan ce: a gan shi, a ji shi, a tarar da shi inda aka fi zaton yana nan. Wiseman ya san wannan bambanci, shi ya sa ya yi dogon bayani kan yadda ake yin alamar neman ceto da hayaƙi da madubi da wuta. Amma da ilimin ya shiga hannun masu talabijin, sai aka ɗauki gudun da tsallen aka bar haƙurin.

Nan ne Bear Grylls ya shigo. An haife shi a 1974, ya yi aiki a sashen sojojin wucin gadi na SAS, ya karye a ƙashin baya a 1996 lokacin da laimar da ya diro da ita daga jirgi ta ƙi buɗewa yadda ya kamata, sannan a 1998, yana da shekara 23, ya hau ƙololuwar dutsen Everest. Babu mai musun ƙarfin halinsa. Shirinsa Man vs. Wild, wanda aka fara a 2006, shi ne ya kai wannan fanni gidajen da ba su taɓa jin labarinsa ba. A cikinsa ne aka gan shi yana dira cikin kogi mai ƙanƙara, yana gangara ta gefen magangarar ruwa, yana shan fitsarinsa, yana shigewa cikin mushen raƙumi a Sahara.

A 2007 jaridun Birtaniya suka fallasa cewa a wasu dararen da aka nuna kamar ya kwana a daji, a masaukin baƙi ya kwana, kuma wasu abubuwan da aka nuna kamar ya ci karo da su, ma'aikatan shirin ne suka tanada. Tashoshin da ke nuna shirin suka koma sanya sanarwa cewa ana ba shi taimako kuma ana shirya wasu yanayin, shi ma daga baya ya ba masu kallo haƙuri. A ganina kwanan otal ƙaramin laifi ne idan aka gwada shi da darasin da shirin ke cusawa. Mutumin da ke shi kaɗai a daji, targaɗe kawai ya isa ya zama ajalinsa, don haka ba ya tsalle daga kan dutse, ba ya jiƙa tufafinsa a lokacin sanyi. Fitsari kuwa yana ɗauke da gishiri da dattin da ƙoda ta tace, kuma yana ƙara kauri gwargwadon yadda ƙishirwa ke tsananta. Littafin koyar da dabarun tsira na sojojin Amurka kansa ya hana shan sa. Grylls yana yin abin da yake yi ne da masu ɗaukar hoto da masu igiya da masu ba da agajin gaggawa a bayansa, wanda zai kwaikwaye shi kuwa ba shi da ko ɗaya.

Adalci shi ne a faɗi abin da masu kare shi ke cewa. Ya jawo hankalin yara masu ɗimbin yawa zuwa ga fita waje da juriya, har ƙungiyar 'yan Sikawut ta Birtaniya ta naɗa shi shugabanta a 2009, ya riƙe muƙamin har 2024. Shahararsa ta kai ya shiga dajin Alaska da Shugaba Barack Obama a 2015. Wannan duka gaskiya ne, kuma yana nuna cewa gwanin zaburarwa ne. Zaburarwa da koyarwa kuwa aiki biyu ne dabam.

Mai ɗaukar kansa da kansa

Les Stroud, ɗan Kanada da aka haifa a 1961, ya ɗauki wata hanyar. A shirinsa Survivorman ana ajiye shi ne shi kaɗai na tsawon mako guda, babu abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba, babu mai ɗaukar hoto. Shi yake ɗaukar kyamarorinsa a baya. Idan ana son a nuna shi yana tafiya, sai ya kafa kyamara, ya wuce, ya dawo ya ɗauke ta, wato kowace tafiya ninki biyu yake yi. Bai ɓoye cewa akwai masu tsaron lafiyarsa a can nesa da zai iya kira idan rai ya yi halinsa ba.

Abin da ya bambanta Stroud shi ne yana nuna gazawa. Yana ɗana tarko ya wayi gari bai kama komai ba. Yana shafe awanni yana murza itace wuta ta ƙi kamawa. Ana ganin yunwa tana rage masa kuzari, rashin barci yana dagula masa tunani, kuma a hamadar Kalahari zafi ya kusa kayar da shi. Mai kallo na iya ƙosawa, domin yawancin lokaci ba abin da ke faruwa sai jira. To, haka ɓata a daji yake, kuma wanda ya san haka tun daga gida ba zai ruɗe ba idan ya ga dabarar da ya karanta ta ƙi aiki a karon farko.

Wani shirin, Alone, wanda aka fara a 2015, ya mayar da wannan salo gwaji. Ana watsa mutum goma a wurare dabam-dabam, kowa da kaya goma da ya zaɓa, wanda ya fi daɗewa ya ci kyauta. Wanda ya ci zagayen farko a tsibirin Vancouver kwana 56 ya yi. Abin da shirin ya bayyana shekara bayan shekara shi ne, ƙwararru da yawa kaɗaici da kewar iyali ke fitar da su, wasu kuma likitoci ke janye su saboda rama. Namun dajin da ake tsoro da wuya su zama sanadi.

Masu farawa daga jikin ɗan'adam

Idan aka tambayi malaman fannin wane ne malaminsu, sunan da yake yawan fitowa shi ne Mors Kochanski, wanda bai yi tashe a talabijin ba. An haife shi a 1940 a Kanada, iyayensa 'yan asalin Poland, ya koyar a Jami'ar Alberta, ya fitar da littafinsa kan zaman dajin arewa a 1987, ya rasu a 2019. Dajinsa wuri ne da sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Koyarwarsa ta ginu a kan cewa gwargwadon yawan iliminka, gwargwadon raguwar kayan da za ka ɗauka. Tufafi ya ɗauka a matsayin mafaka ta farko, sai wuta, sai ruwa, sai barci, kuma yakan nanata cewa wanda ke samun isasshen ruwa da barci zai jure yunwa tsawon lokacin da ake bukata kafin ceto ya zo.

Kochanski mutum ne mai gwaji. Ya ƙirƙiro wata bukka da ake rufe gabanta da farar leda mai bari haske ya ratsa, a shimfiɗa wata leda mai ƙyalli a bayanta, a hura doguwar wuta a gabanta. Zafin wutar yana ratsa ledar gaba, ta baya ta mayar da shi, iska kuma ba ta kwashe shi, sai cikin ya yi ɗumi alhali waje na daskarewa. Yakan ba ɗalibi sanda guda ya ce ya sassaƙa mata gaɓa iri-iri, daga nan ya gane ko hannunsa ya iya wuƙa. Ba ya karɓar "na sani" sai ya ga an yi.

Takwaransa a ƙasar zafi shi ne Cody Lundin, wanda ya kafa makarantarsa a garin Prescott na jihar Arizona a 1991, mutumin da aka sani da yawo ba takalmi. Sunan littafinsa na 2003 ya fara ne da adadin 98.6, wato zafin jikin ɗan'adam a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, daidai da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Hujjarsa ita ce, aikin wanda ya ɓata guda ɗaya ne: ya tsare wannan adadi. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da 35, rawar ɗari da ruɗewa sun fara. Idan ya haura 40, ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. Ya kuma lura cewa yawancin waɗanda ke shiga uku masu ɗan yawon yini ɗaya ne da suka fita ba shiri, ba su gaya wa kowa inda suka nufa ba. Don haka darasinsa na farko tun daga gida yake farawa: ka sanar da wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 2010 aka haɗa Lundin da Dave Canterbury, tsohon sojan Amurka, a shirin Dual Survival, da gangan don a ga yadda hanyoyinsu za su yi karo. Canterbury mutumin kaya ne. Ya ce abu biyar ne bai kamata su rabu da matafiyi ba: abin yanka, abin kunna wuta, abin rufa, abin zuba ruwa wanda za a iya ɗorawa a wuta, da igiya. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin waɗannan su ne mafi wuyar ƙerawa daga abin da daji ke bayarwa. Murza igiya mai tsawon gaba goma daga ɓawon itace na iya cinye yini, alhali a aljihu ba ta da nauyi. Lundin ya rabu da shirin a 2014, ya ce saɓani ne kan lafiya da kiyaye rai tsakaninsa da masu shiryawa.

Masu zuwa ɗaukar karatu wurin 'yan ƙasa

Ray Mears, Baturen Ingila da aka haifa a 1964, ya kafa makarantarsa Woodlore a 1983 yana ɗan shekara 19. Shi ne kishiyar Grylls a kusan komai, kuma ya taɓa bayyana shi a fili da cewa ɗan wasan nishaɗi ne. Mears ba ya gudu, ba ya tsalle. Yana zaune ne yana sassaƙa cokali, ko yana murza wuta, ko yana kallon yadda ake haɗa kwalekwale da ɓawon itace. A shirye-shiryensa ya je wurin mutanen Hadza a Tanzaniya, da San a Namibiya, da Evenk a Saibiriya, da 'yan asalin Ostireliya, kuma a ko'ina zaman ɗalibi yake yi, su ne malamai. Tare da Farfesa Gordon Hillman, masanin tsirran da mutanen dā suka ci, ya gwada sarrafa saiwoyi da 'ya'yan itatuwan da mazauna Birtaniya suka rayu a kai kafin zuwan noma. A 2010 'yan sanda sun nemi taimakonsa wajen bin sawun wani ɗan bindiga da ya ɓuya a dajin arewacin Ingila.

Abin da ake sukar Mears da shi shi ne, iliminsa na bukatar shekaru. Wanda mota ta mutu masa yau da daddare, ashana ɗaya ta fi masa lacca kan murza itace. Sukar tana da tushe. Sai dai tarihi ya ba mazhabarsa hujjoji masu nauyi.

A watan Agusta na 1860 Robert Burke da William Wills suka tashi daga Melbourne da raƙuma da dawaki da kaya masu yawa don ratsa Ostireliya daga kudu zuwa arewa. A hanyar dawowa guzuri ya ƙare musu a rafin Cooper, ƙasar mutanen Yandruwandha, waɗanda suka daɗe suna rayuwa a wurin cikin wadata. Mutanen suka ba su kifi da wainar wani tsiro da ake kira nardu. Burke ya yi harbi ya kore su. Turawan suka ci gaba da niƙa tsiron da kansu, suna cika ciki amma suna ramewa, har Burke da Wills suka mutu a ƙarshen watan Yuni na 1861. Masana da dama na ganin cewa tsiron yana da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki idan ba a sarrafa shi yadda 'yan ƙasa ke yi ba. Na ukunsu, John King, ya rayu ne saboda Yandruwandha sun ɗauke shi sun ciyar da shi har masu nema suka iso a watan Satumba. Fiye da shekara ɗari bayan haka, wani manjo na sojan Ostireliya, Les Hiddins, ya zagaya arewacin ƙasar yana tambayar dattawan 'yan asali abin da ake ci da wanda ba a ci, aka riƙa buga bayanan a bayan taswirorin sojoji, kuma daga 1988 ya kawo ilimin talabijin.

Hujja mafi kusa ta zo daga Kolombiya. Ranar 1 ga Mayu, 2023, ƙaramin jirgi ya faɗi a dajin Amazon, manya ukun da ke ciki suka mutu, har da mahaifiyar yara huɗun da suka tsira. Babbarsu shekararta 13, ƙaraminsu wata 11. Sai ranar 9 ga Yuni aka gan su, bayan kwana 40, dukansu da rai. 'Yan ƙabilar Huitoto ne, sun fara da garin rogon da ke cikin jirgin, sannan suka koma ga 'ya'yan itatuwa da ƙwayoyin da babbar ta sani tun daga gida. A cikin masu neman su ma, sojoji sun haɗa kai ne da 'yan asalin yankin masu sanin sawu. Da ɗan gari akan ci gari.

Maganar isnadi

Da yake sana'ar ba ta da hukumar da ke tantance masu yin ta, kowa na iya kiran kansa gwani. Tom Brown, wanda ya kafa makarantar bin sawu a jihar New Jersey a 1978 ya kuma rasu a 2024, ya ce wani dattijo ɗan ƙabilar Apache ne ya koyar da shi tun yana yaro. Dubban ɗalibai sun ratsa hannunsa, da yawa sun yaba, amma masu bincike ba su sami wata shaida mai zaman kanta da ta tabbatar da labarin dattijon ba. Canterbury shi ma sai da ya fito ya nemi gafara kan ƙarin gishirin da ya yi a tarihinsa na soja. Al'adarmu ta karatu ta riga ta ba mu maganin wannan, domin a zaure akan tambayi malami wurin wa ya yi karatu.

Akwai kuma haɗarin malamin da ya ɗauki wahalarwa a matsayin koyarwa. A watan Yuli na 2006, a wata makarantar koyar da zaman daji a jihar Utah, wani matashi mai shekara 29 ya mutu da ƙishirwa a rana ta biyu ta horo, bayan tafiyar awanni cikin zafi, saura ƙasa da mita ɗari ya kai ga ruwa. Bincike ya nuna jagororin suna ɗauke da ruwan ko-ta-kwana, ba su ba shi ba. Jiki ba ya koyon jure rashin ruwa ta hanyar hana shi ruwa. Tun a shekarun 1940 masanin aikin jiki Edward Adolph ya yi gwaji a kan sojoji a hamadar Kalifoniya, ya nuna cewa mai tafiya cikin rana na iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, kuma abin da ke tsawaita rai shi ne rage gumin: a zauna a inuwa da rana, a yi tafiya da dare.

Inda abin ya shafe mu

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Daga Arlit suka taso, yawancinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, motocinsu biyu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Shawarar da malaman Turai da Amurka suka yi ittifaƙi a kai a irin wannan hali ita ce a zauna kusa da mota, domin ta fi mutum saurin ganuwa kuma tana ba da inuwa. Amma shawarar ta ginu ne a kan zaton cewa wani ya san ka ɓata, kuma jirgi mai saukar ungulu zai tashi nemanka cikin kwana uku. Wanda direba ya bi da shi ɓarauniyar hanya don kauce wa jami'ai, babu mai neman sa. A irin wannan wuri abin da ya tsare ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma ƙarni bayan ƙarni shi ne tsari: tafiya cikin jama'a, salkunan ruwa da aka lissafa, da madugu wanda ya san rijiyoyi da taurari. Haka nan wanda ya kuɓuto daga hannun masu garkuwa da mutane a dazukanmu, halinsa ya fi kama da na sojan Wiseman, domin hayaƙin da zai ceci wani shi zai tona masa asiri. Kowace shawara tana da ƙasar da aka yanka ta dominta.

Mu ma muna da namu nardu. Anza, wadda mutanen Nijar suka koma gare ta a yunwar 2005, sai an jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta da cutarwarta su fita. Wanda ya san wannan, ya san lokacin aduwa da magarya da kanya da goriba, ya san inda ake tona yashin busasshen kogi a sami ruwa, ya iya bambance sawun kura da na kare, shi ne irin mutumin da Mears ke ƙetare teku don ya zauna a gabansa. Irin waɗannan mutane suna nan cikin maharba da makiyaya da tsofaffin matan karkara, amma sarƙar tana tsinkewa. Rashin tsaro ya raba yara da dajin da iyayensu suka koyi abin a ciki, makaranta kuma ba ta ɗauke shi ilimi ba. Tun a 1916 likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga. Ya kamata sassan nazarin tsirrai da labarin ƙasa da harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauki abin da ya rage daga bakin masu shi, da sunayensu da garuruwansu, kuma ƙungiyoyi irin su 'yan Sikawut da Man O' War su shigar da shi cikin horonsu.

Kafin nan, mai kallo yana da tambaya uku da zai yi wa duk wanda ya fito a allo yana koyar da tsira. Wurin wa ya koya, kuma yana ambaton su? A wace irin ƙasa iliminsa ya tsiro, ta yi kama da wadda za ka shiga? Sannan idan dabarar da yake nunawa ta ƙi, wa zai ɗauki asarar, shi da ke da motar asibiti a bayan kyamara ko kai? Da wannan ma'auni, Kochanski da Lundin ne suka fi cancanta a fara da su, domin jikin da suke magana a kai iri ɗaya ne a Alberta da Azben. Mears da Hiddins suna koya mana wurin wa za mu je tambaya, Stroud yana nuna mana yadda abin yake idan an rasa mai taimako. Grylls kuwa a kalle shi bayan cin tuwon dare, a yi masa tafi, a bar masa fitsarinsa.